Allurar Sanyin Gaɓoɓi da Tarin da Ke Barci a Ƙirji



Akwai wata allura mai tsada da likitoci ke rubuta wa masu ciwon gaɓoɓi mai kumburi da ya ƙi jin magani, da masu kumburin hanji, da wani ciwon fata mai ɓawo. Sunanta adalimumab, an fi saninta da Humira. A Amurka aka fara amincewa da ita a 2002, kuma galibi ana yin ta a ƙarƙashin fata duk sati biyu. Tana aiki, babu musu. Amma a san da me ake tafiya.

Asalin waɗannan cututtuka shi ne garkuwar jiki ta juya tana yaƙar mai ita. Allurar sai ta daƙile wani sinadari da ake kira TNF, mai hura wutar kumburi. To, wannan sinadarin dai shi ne ke taimaka wa jiki ya killace ƙwayar tarin tibi. Mutum na iya ɗauke da ita shekara da shekaru tana barci, bai sani ba. Idan aka janye mai gadi, ɓarawo sai ya miƙe. Haka ciwon hanta nau'in B, shi ma yana iya farfaɗowa. Duka biyun kuwa sun yi yawa a ƙasarmu.

Don haka ra'ayina: kada kowa ya yarda a soka masa allurar nan sai an gwada shi tibi da ciwon hanta. Idan an ga tibi mai barci, maganinsa ake fara sha tukuna. Wanda ya sa ɗansa ya aiko masa da ita daga Saudiyya ko Indiya, mai kemis ya yi masa a gida, ya yi ganganci da ransa.

Bayan an fara, a lura da waɗannan: zazzaɓi mai naci, gumin dare, rama, tarin da ya kai sati biyu, kaluluwa a wuya, ko idanu su yi ruwan ɗorawa. A sani, tibin masu wannan allura sau da yawa ba a huhu yake bayyana ba, don haka rashin tari ba hujja ba ce. Irin wannan ba na zuma da citta ba ne, ba na habbatus sauda ba ne. Mu masu maganin gargajiya mu ji tsoron Allah, mu tura su asibiti a ranar. Ja ko ƙaiƙayi kaɗan a wurin allura kam ya saba wucewa da kansa.

Matafiya kuma su kiyaye: rigakafin cutar shawara na da ƙwayar cuta mai rai, ba a yi wa mai wannan allura. Ku gaya wa likita kafin tafiya. Wurin ajiyarta firiji, ban da ƙanƙara, zafinmu kuwa yana lalata ta.

Kada tsoro ya sa ku yar da ita da kanku, ciwon zai iya dawowa. Duk jiƙon da kuke sha, ku faɗa wa likita. Jiki amana ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A tura wa 'yan uwa.