AC ba ya shan gas, kuɗin Baba ake sha

1/ Jama'a, zafi ya kawo jiki, yau sai na amayar da abin da ke cina. A gidanmu sau uku aka cika gas a AC ɗin ɗakin Hajiya cikin shekara biyu. Duk zuwan mai gyara magana ɗaya ce: "Alhaji, gas ya ƙare." Baba ya biya, bayan 'yan watanni sanyi ya sake ɗaukewa. 🧵

2/ Sai da na yi SIWES a wani shagon gyaran AC da firji na gane ashe asara muke ta tafkawa. Gas ɗin AC ba fetur ba ne. A rufe yake cikin bututun jan ƙarfe, zagayawa kawai yake yi, ya kwaso zafin ɗaki ya kai waje. Ba ya ƙonewa. In ya ragu, to wani wuri yana yoyo.

3/ Cika gas ba a toshe yoyo ba, zuba ruwa ne a kwando. Namu da na duba, noti ɗaya ne a mahaɗar bututu ta bayan injin waje bai ɗauru ba. Ruwan sabulu na shafa, sai ga kumfa tana tashi. Noti ɗaya fa, shi ya ci kuɗin gas sau uku.

4/ Don haka in an ce maka gas ya ƙare, tambaya ta farko: "Malam, ta ina ya fita?" Ya nuna maka wurin da idonka, ya gyara, ya zuƙe iskar cikin bututun da injin zuƙa, sannan ya cika. In ya ce ai haka AC yake, duk shekara sai an ƙara, ka sallame shi cikin mutunci.

5/ Amma tsakani da Allah, ba laifin masu gyara kaɗai ba ne. Neman yoyo yakan ci awanni, mu kuma ba ma son biyan kuɗin aiki, sai abin da muka ga an zuba. Na ga kwastoma yana cewa "kai dai cika min kawai, baƙi zan yi." Mu muka koya musu. A biya mutum ladan bincikensa, ya fi araha.

6/ "AC yana aiki amma ba sanyi, ya mutu ke nan?" Ba lallai ba. Fara da rariyar da ke cikin na ɗaki. Ƙurar hunturu takan toshe ta, iska ta kasa wucewa, har ƙanƙara ta taru a ciki. Cire ta, wanke da ruwa, bari ta bushe. Lokacin ƙura, duk sati biyu. Wannan ko ƙaninka zai iya.

7/ In fankar waje tana juyawa, kwampireso kuma yana gurnani ya kasa tashi, sau da yawa kafasita ce ta mutu, ƙaramin abu mai sauƙin kuɗi. Kar a yi saurin ce maka kwampireso ya ƙone, a gwada ta tukun. Amma kar ka sa hannu da kanka, tana riƙe wuta ko an kashe soket.

8/ Ruwa na ɗiga a bango? Yawanci bututun fitar da ruwa ne ya toshe. Ba ruwansa da gas.

9/ Babban makashin AC a ƙasar nan wutar NEPA ce. An ƙera shi don wajen bolt 230, mu kuma a kawo ta rabi, a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi. In wuta ta yi ƙasa, kashe shi. In an dawo da ita, jira minti uku kafin ka kunna. Sitabilaiza mai kyau ta fi sabon kwampireso arha nesa ba kusa ba.

10/ Masu sa shi a 16 don ɗaki ya yi saurin sanyi, ku yi haƙuri, lambar tana faɗa masa inda zai tsaya ne kawai. A 16 cikin zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato kwampireso ba zai huta ba. Sa 24 ko 25, kunna fanka, rufe taga da labule. Barci zai yi daɗi, mita ma ta sarara.

11/ Mu yi lissafi. AC mai 1.5HP irin na da yana jan kilowat ɗaya da ɗan ɗoriya. Awa 8 ba hutu, yunit 8 zuwa 9 ke nan. Tun Afrilun 2024 da NERC ta ɗaga kuɗin Band A, yunit ya haura naira 200. Kusan naira dubu 50 a wata, ɗaki ɗaya, dare kawai.

12/ To a gyara ko a sayi sabo? Ra'ayina: yoyo, kafasita, fanka, toshewa, duk a gyara, ko injin ya tsufa. Amma in kwampireso ya ƙone, injin ya haura shekara goma, kuɗin gyaran kuma ya doshi rabin kuɗin sabo, a haƙura da shi. Gobe wani abin ne zai sake lalacewa.

13/ Ku duba takardar da ke manne a jikin injin waje. In an rubuta R22, tsohon gas ne da duniya ke daina amfani da shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda yana lalata rigar ozon. Sababbi R410A ko R32 suke sha. Kar ka yarda a zuba maka wani a madadin wani, ko a gauraya.

14/ Shi ya sa ɗan kwatano mai arha yake ban tsoro. Ka saye shi da sauƙi, ka riƙa biyan cikon a mita duk wata. Inbata kuwa yana rage gudu ne maimakon kashewa da tashi, don haka yana rage shan wuta in ana daɗewa da shi a kunne, kuma ya fi dacewa da sola. Rauninsa allon lantarkin ciki, wuta mai rawa takan ƙona shi, gyaransa da tsada. Kar ka saye shi ba kariya.

15/ Na ƙarshe, wannan kuma maganar rai ce. In hunturu ya zo, don Allah kar a shigar da kurfotin gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi yana fitar da iskar kabon monosaid, ba wari ba launi, mutum yana barci take kashe shi. Haka janareta a lungu ko kusa da taga. A sa rigar sanyi, a ƙara bargo.

16/ Mu ne ake aika kiran mai gyara, mu ne ke tsaye a kansa yana aiki, Baba biya kawai yake yi. In mun iya tambaya ɗaya, mun tsare masa kuɗinsa. Namu tun da aka ɗaure notin nan ba a sake cika masa gas ba. Ku tura wannan gurup ɗin gida kafin a kira mai gyara. Allah Ya kawo mana damina lafiya.