Amintattu Ko Kayan Ado: Su Wa Ke Riƙe Da Kuɗin Talaka?

 

Ku ɗauki takardar kowace gidauniyar taimakon marayu da gajiyayyu da ke garinku, ku buɗe shafin da aka jera amintattunta. Kusan kullum abu ɗaya za ku tarar: Alhaji wane, hamshaƙin ɗan kasuwa, Dokta wane, tsohon babban sakatare, Honorabul wane, mai sarauta wane. Sai Hajiya, wadda in an bincika matar shugaban ce, sai ma'aji, wanda ƙaninsa ne. An zuba hotuna da manyan riguna, an jero digiri da lambobin yabo. Tambayoyi uku ne shafin ba ya amsawa. A cikinsu wa ya iya bin lissafin asusun banki layi-layi? Wa ya san yadda ake kwana ba a ɗora tukunya ba? Wa ke da lokacin zuwa taro?

Matsayinmu a fili yake. Kujerar amintacce wurin aiki ce, kuma da yawa daga cikin gidauniyoyinmu sun mayar da ita wurin karrama manya. Talaka ne ke biyan kuɗin wannan karramawar.

Mu fara da girman abin da ke hannunsu. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa 'yan Najeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna fama da talauci ta fuskoki daban-daban: abinci, lafiya, karatu, ruwan sha da muhalli. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke, kuma a Jihar Sakkwato adadin ya kai kashi 91 cikin ɗari. A irin wannan wuri, buhun gero ɗaya da ya ɓata hanya ya shiga gidan da ba ya buƙata, tuwon daren wasu marayu ne ya tafi. Wanda ke yanke hukuncin inda buhun zai je shi ne amintacce.

Doka ma haka ta ɗauke shi. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, ƙungiyar agaji tana yin rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, da sunan amintattunta. Su ke riƙe da kadarorinta, su ake tuhuma idan abu ya lalace. Kafin a yi rajista sai an buga sunayensu a jaridu biyu, a ba jama'a kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Dokar ta hana a raba wa mambobi ribar ƙungiya, ta wajabta miƙa rahoto duk shekara, kuma a lokacin da aka kafa ta a 2020, sashe na 839 ya ba hukumar damar dakatar da amintattu idan an sami almundahana ko sakaci. Ban da wannan, akwai rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC, mai sa ido kan safarar kuɗin haram. Amma ku duba sashe na 826, inda aka faɗi waɗanda ba su cancanta ba: ƙaramin yaro, wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, wanda aka ayyana ya karye da bashi bai farfaɗo ba, da wanda aka kama da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce. Iyakarta ke nan. Doka ta tsare ƙofa daga ɓarawon da aka riga aka kama, ba ta ce komai a kan iya aiki ba. Wannan ɓangaren mu jama'a aka bar wa, mu kuwa sunaye muke kallo.

To me ya kamata a nema? Abu uku.

Na farko, mai sanin lissafi. Ba sai babban akanta ba. Mai difloma a lissafin kuɗi, ko sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa da ya shekara yana riƙe littafin adashi, ya isa, muddin zai iya kwatanta rasit da abin da ya fita daga banki, kuma ba ɗan gidan shugaba ba ne. Gidauniyar da ake tura wa gudummawa ta asusun mutum ɗaya, shi ke karɓa, shi ke sayowa, shi ke rabawa, shi ke ba da labari, ta riga ta kauce hanya ko da mutumin waliyyi ne. Ranar da ya rasu, magadansa ba za su iya bambance kuɗinsa da na marayu ba.

Na biyu, wanda ya san talauci daga ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bazawarar da ta riƙe 'ya'ya biyar da sayar da ƙosai ta san cewa ba wa mace keken ɗinki alhali ba ta da kuɗin zare, hanya ce kawai ta kai keken kasuwa a sayar kafin wata ya ƙare. Malamar firamare ta san yaron da ke zuwa aji ba karin kumallo. Ungozoma ta san gidan da ake fama amma kunya ta hana su fitowa layi. Mai unguwa ya san wanda ya karɓa a layi uku da suna uku. Wannan ilimi ne, ba a ba da takardar shaidarsa, kuma shi ne ya fi ƙaranci a teburin amintattu. Gidauniyar da yawancin masu amfana da ita mata ne, amma babu mace ko ɗaya mai ƙuri'a a kwamitinta sai wadda aka sa don cika hoto, tana aiki ne da ido ɗaya.

Na uku, mai sanin tsari kuma mai lokaci. Wanda yake ganin rabon kaya abu ne mai sauƙi ya tuna da 2024. A watan Maris, cikin azumi, an rasa rayuka a turmutsutsun karɓar zakka a Bauchi. A watan Disamba yara 35 suka rasu a Ibadan wurin wani taro da aka yi alƙawarin kuɗi da abinci. Kwanaki kaɗan bayan haka mutum 22 suka rasu a Okija ta Jihar Anambra, wasu 10 a Abuja, duk a wurin rabon abinci. Kyakkyawar niyya ce ta tara mutanen, amma ba ta hana ƙofa ɗaya cushewa ba. Ɗan agajin da ya saba tsare jama'a a filin Idi zai gaya maka tun kafin a sayi shinkafa: a bi gida-gida da kati, a raba ranaku, a buɗe ƙofar shiga daban da ta fita, kada a yi shela ga gari duka. Irin wannan mutumin kujera ya kamata a ba shi a wurin shawara. Mu kuwa rigar aiki muke ba shi ranar rabo, bayan an gama yanke komai.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce aikin sa kai ne, ba a biyansu ko sisi, don me za a takura musu? Amsa ita ce ba wanda ya tilasta musu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sun karɓi suna, sun karɓi yabo a rediyo, suna kuma fatan lada a lahira, to su yi aikin. Rashin albashi bai taɓa zama uzurin sa hannu a takardar da ba a karanta ba.

Za a ce manyan sunaye su ke jawo kuɗi. Gaskiya ne, ba mu musa ba. A naɗa su iyayen ƙungiya, a ba su kujerar gaba ranar taron ƙaddamarwa, su kira abokansu su ba da gudummawa. Amma uban ƙungiya daban, amintacce daban. Mutumin da ke cikin kwamitoci goma, rabin shekara yana Abuja, sauran rabin yana ƙasar waje, ba zai san abin da ke faruwa a sito ba. Illar babban suna ma ta fi haka: yana rufe bakin masu tambaya. Wa zai tashi a taro ya nemi rasit alhali mai rawani ne ke shugabanta?

Za a kuma ce talaka in ya ga kuɗi zai ci. Wannan magana cin fuska ce. Matan unguwa nawa ne ke riƙe adashin dubban ɗaruruwa shekara da shekaru ba a taɓa jin kansu ba? Cin amana ba shi da aji. Abin da ke hana shi tsari ne: sa hannun mutum biyu da ba dangi ba kafin a cire kuɗi, bayanin shige da fice a bainar jama'a, da wa'adi ga kowace kujera.

Don haka ga abin da muke nema daga kowace gidauniya da ke neman gudummawarmu. Ta faɗi sunayen amintattunta da aikin da kowannensu ya iya. Ta faɗi wanda ke da dangantaka da wani a cikinsu. Ta faɗi sau nawa suka zauna bara da waɗanda suka halarta. Ta ware aƙalla kujera ɗaya ga wanda ya fito daga cikin mutanen da take taimako, da cikakkiyar ƙuri'a.

Ku kuma 'yan uwa masu alƙalami, ku ake kira a ba ku aikin rubuta taƙaitaccen tarihin waɗannan bayin Allah a littafin taro ko a shafin Facebook. In aka kawo muku, ku tambayi abin da mutumin ya yi wa gidauniyar da hannunsa, ku rubuta shi. In babu, ku bar gurbin yadda yake, kirari aikin maroƙa ne.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya san gidauniyar da ta cika waɗannan sharuɗɗa ya kawo misalinta a ƙasa mu yaba mata. Wanda bai yarda da mu ba, fili nasa ne, ya zo da hujja. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.