Tauraruwa Mai Wutsiya: Abin Tsoro ko Abin Nazari?

Hausawa kan ce, "Tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba." A Gaya da Ajingi akwai dattawan da suka ga irinta a 1986 da 1997, wasu suka ɗauke ta alamar fari ko rasuwar wani babba. Lokaci ya yi da makarantu za su ba ɗalibai wani bayanin.

Wannan halitta dai ba tauraruwa ba ce. Dunƙule ne na ƙanƙara da ƙura mai kewaya rana. Idan ya kusanci rana sai zafi ya mai da ƙanƙarar tururi, hasken rana da iskarta su tura tururin da ƙurar gefe, shi ne wutsiyar.

Babban darasi yakan samu ne in ta gitta kusa da wata duniya. A 1992 wadda ake kira Shoemaker-Levy 9 ta matsa kusa da duniyar Mushtari, ƙarfin jan duniyar ya tarwatsa ta fiye da gida 20, gutsattsarin suka faɗa mata a Yulin 1994. Wannan ya nuna jikinta ba shi da ƙwari. Ran 19 ga Oktoba 2014 kuma, Siding Spring ta wuce duniyar Mirriku da tazarar kilomita kamar 140,000, ƙasa da rabin nisan wata daga duniyar ɗan Adam. Kumbon MAVEN ya gano ɓurɓushin ƙarfe da ƙurarta ta zuba a iskar Mirriku.

Ɗalibin ilmin halittu ma yana da rabo: kumbon Rosetta ya sami sinadarin gilaisin, ɗaya daga tubalan furotin, a tururin wadda ake kira 67P.

Wani zai ce makarantar da ba ta da ɗakin gwaji ina ita ina kallon taurari? Ai ƙauyukan Gaya da Ajingi suna da abin da birnin Kano ya rasa, wato duhun dare. Kowace shekara, wajen 21 ga Oktoba, duniya takan ratsa ƙurar da tauraruwar Halley ta bari, a ga tartsatsi a sama kafin asuba. Ido da littafin rubutu sun isa. Malami ya fito da ɗalibansa su ƙirga, su rubuta, su kwatanta.

Halley za ta dawo a 2061. Ɗaliban yau ne dattawan da yara za su tambaya a lokacin, amsarsu kuwa tana hannun malaman yau.