A tsayar wa bikin Argungu rana tun da wuri

Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta ƙarfafa sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke adanawa. Duk da wannan daraja, bayan bikin 2009 sai da aka jira har 2020 kafin masunta su sake faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora. Abin da ya fi damuna shi ne rashin tsayayyar rana. Biki irin wannan ruwa ne ke yanke masa lokaci, wajen Fabrairu zuwa Maris, lokacin da kogi ya ja amma bai ƙafe ba, kuma Sarkin Ruwa ya fi kowane jami'i sanin haka. Ga azumi kuma, wanda ke matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ana iya lissafa shi tun shekaru kafin ya zo. To me zai hana a sanar da rana shekara guda kafin biki? Mai masauki zai gyara ɗakuna, ɗan dambe zai shirya, baƙo daga Dosso zai tanadi kuɗin mota. Ina kuma roƙon a ba mahauta filinsu. Masu tsire da balangu da kilishi ke ciyar da taron, sun cancanci gasa tasu ƙarƙashin Sarkin Pawa, da ruwa mai tsabta da likitan dabbobi mai duba nama kafin ya hau wuta.