Filin Maigida: Kayan Gyaran Babur Daidai da Aljihunka

A wannan wata za mu yi magana a kan babur. A gidaje da yawa babur shi ne jakin gida. Shi ke kai yara makaranta, shi ke kai hatsi kasuwa, shi ne kuma ke kai marar lafiya asibiti da tsakar dare. Amma sau da yawa maigida yakan tara kuɗi ya sayi babur, sa'an nan ya hau hanya ba ko sufana ɗaya a jikinsa. Wani kuma yakan sayi babban akwatin kayan gyara mai araha, ranar da ya bukace shi ya tarar ba abin da ya dace da notin da ya kwance. To, in kuɗi kaɗan ne, me ya kamata a fara saya? Akwai waɗansu masu babur a ƙasar Ingila da suka daɗe suna fama da wannan tambaya, za mu kuwa duba yadda suke yi.

Ranar filin tsere

A Ingila akwai filayen tseren mota da babur da dama. Akwai Silverstone, wanda dā filin jiragen saman soja ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi babban tseren mota na fari a cikinsa a shekarar 1948. Akwai Brands Hatch, kudu maso gabas da Landan, da Donington Park, da Cadwell Park. A ranakun da ba a yin gasa, akan buɗe waɗannan filaye domin mutane irinmu, malamin makaranta ko kafinta ko akawu. Mutum ya biya kuɗin yini ɗaya, ya kawo nasa babur, ya yi gudu a inda babu babbar mota, babu dabba, babu mai tafiya a ƙasa.

Wannan ba gasa ba ce, ba a ba kowa kyauta. Akan raba mutane kashi uku: sababbin shiga, da matsakaita, da gwanaye. Kowane kashi yakan shiga fili wajen minti 20, sa'an nan ya fito ya huta wajen minti 40 kafin layi ya sāke zagayowa kansa. Da safe akan tara kowa a yi musu bayanin dokoki da ma'anar tutocin da masu tsaron fili ke ɗagawa. Akan auna ƙarar babur, gama maƙwabtan fili ba sa son hayaniya. Tilas ne mutum ya sa hular kwano mai rufe fuska duka, da rigar fata, da safar hannu, da takalmi mai tsawo.

An riga an biya kuɗin yinin. In noti ɗaya ya kwance, mutum kuwa ba shi da abin ɗaure shi, kuɗinsa ya tafi a banza. In kuwa notin birki ne ya kwance yana cikin gudu, maganar ta wuce ta kuɗi. Waɗansu kuma a kan babur ɗin suke zuwa, abin da jakar baya ta ɗauka shi ke nan kayansu. Saboda haka sun koyi zaɓe. Ga abubuwa biyar da za mu koya daga gare su.

1. Bari babur ya zaɓa maka

Kafin ka tafi kasuwa, ɗauki takarda da fensir ka zagaya babur naka. Kowane noti da kake iya taɓawa a hanya, rubuta lambarsa. Za ka yi mamakin yadda lambobin ba su da yawa. A baburan Japan, wato Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki, yawancin notina 8 ne, da 10, da 12, da 14, da 17, a ma'aunin milimita. Lamba 13, wadda ta cika motocin Turai, da wuya ka same ta a babur ɗin Japan. Baburan Indiya da na Sin da suka cika hanyoyinmu su ma da milimita ake ƙera su. Harley na Amurka ne yawancin notinansa suke bin ma'aunin inci.

Abu biyu kada ka manta da su. Na ɗaya, notin da ke riƙe da ƙafar baya. Ya fi sauran girma, a manyan babura yakan kai 27 ko 32, ƙaramin akwatin kaya kuwa ba ya zuwa da irinsa. In ba ka da shi ba za ka iya ja sarƙa ko cire taya ba. Na biyu, sufanar fulogi. A ƙananan babura 16 ce ko 18, sai ka gwada taka. In babur naka yana da ƙusoshi masu rami mai kusurwa shida a kai, sai ka ƙara alanki lamba 4 da 5 da 6.

Akwatin da aka cika da abu ɗari yana da kyan gani a kanti. Amma abu goma sha biyu kawai za ka yi aiki da su a ciki, sauran kuwa nauyi ne ka saya.

2. Ma'aunin iska shi ne na fari

In ka tambayi wanda ya saba da filin tsere abin da zai ɗauka in abu ɗaya kaɗai aka yardar masa, da wuya bai ce gejin auna iskar taya ba. Yana shiga aljihu, ba shi da tsada, amma shi ne aka fi ɗauka a yini. Dalili kuwa shi ne, wurin da tayar babur ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba. Birki da kwana da ran mahayi duk a kan wannan ɗan wuri suke.

Iska takan kumbura in ta yi zafi. Manyan babura da yawa, masu ƙera su sun rubuta psi 36 a gaba, 42 a baya, domin hanya. A filin tsere kuwa akan rage zuwa wajen 30 tun taya na sanyi, gama gudu zai zafafa ta, iskar ta hau da kanta. Amma a lura, wannan lissafin filin tsere ne. Kai da kake ɗaukar uwargida da buhun masara, bi lambar da aka rubuta a littafin babur ko a takardar da aka manna kusa da sarƙa. Auna da safe kafin ka tashi. Matsa taya da yatsa ba awo ba ne. Taya mai ƙarancin iska takan yi zafi, ta ci mai, ta yi lilo a kwana, in ta faɗa rami kuma bakin ƙarfe ya tsinke tub.

3. San inda za ka kashe kuɗi da inda za ka rage

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Wannan gaskiya ce a kan abin da ke kama noti. Sufana mai taushin ƙarfe takan buɗe baki, ta zame, ta cinye kusurwoyin noti. Daga nan aikin minti biyar ya zama na yini guda a wurin makaniki. Nemi wadda aka buga wa alamar Cr-V, ko da yake alama kaɗai ba ta isa ba, sai ka gwada ta a kan noti ka ga ba ta rawa. Mai zobe ta fi mai buɗaɗɗen baki kamawa, soket mai kusurwa shida kuma ya fi mai goma sha biyu riƙe notin da ya cije. Sufanar nan da ake buɗewa ana rufewa da yatsa, a bar ta sai ranar da babu wata.

Sukundireba ma haka. Sukurorin baburan Japan masu kan gicciye an yi su bisa ma'aunin ƙasarsu da ake kira JIS, sau da yawa da ɗan ɗigo a kansu. Sukundireba irin ta Phillips takan zame a ciki ta lalata kan. Wannan shi ya sa ake yawan ganin sukurorin kabureta a cinye. Wadda ta zauna daram a cikin sukuron, ita za ka saya.

Tsohon kaya mai kyau ya fi sabo marar kyau. A wurin 'yan gwangwan akan sami sufana ta ƙwarai da rabin kuɗi. Duba kawai kada ta tsage, kada bakinta ya buɗe.

Inda za ka rage kuwa shi ne tsumma, da waya, da tef mai ƙarfi, da maɗaurin roba, da famfon ƙafa, da jakar da za ka zuba su. A filin tsere da tef ake rufe madubi da gilashin fitila, da maɗaurin roba ake kama robar jikin babur in ta fashe. Ba wanda yake tambayar sunan kamfanin da ya yi su.

Akwai abu ɗaya mai tsada da masu filin tsere ke girmamawa, wato sufana mai auna ƙarfin ɗauri, wadda takan yi ƙas in noti ya kai yadda mai ƙera babur ya rubuta. Ƙananan ƙusoshi na son ɗauri kaɗan, notin ƙafar baya na babban babur kuwa yana son wajen ninki goma na wannan. Hannun mutum yakan wuce gona da iri a kan ƙanana har su karye. Tun da ba kullum ake bukatarta ba, abokai uku ko huɗu sukan haɗa kuɗi su sayi ɗaya.

4. Kada ka sayi abin da ba ka bukata tukuna

Sabon shiga yakan ga gwanaye da bargon lantarki na ɗumama taya, da janareta, da matattaran ƙarfe na ɗaga babur, sai ransa ya biya. Masu koyarwa kuwa sukan ce masa ya yi zagaye biyu na fari a hankali, tayarsa za ta ɗumama da kanta. Kuɗin bargon nan gara a sa shi a sabuwar taya ko birki.

Ga dabara mai kyau. Duk abin da ka ara a wurin wani, rubuta shi. In ka ari abu ɗaya sau biyu, ya zama abin saye. Wanda ya yi shekara a jakarka ba ka taɓa shi ba, mai da shi gida. Aro ba laifi ba ne in ana mayarwa da wuri, amma kayan aro ba ya rufe katara.

5. Gyara a gida ake yi

Kayan da ake tafiya da su domin dubawa ne da ƙaramin gyara. Babban aiki tun jiya da yamma ake gama shi. Mai zuwa filin tsere yakan duba kaurin birkinsa, da notin zubar da baƙin mai, da ko mai na ɗiga, gama man da ya zuba a fili yakan kā da na baya. Yakan duba sarƙa, wadda a yawancin babura ake so ta yi wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, ya shafa mata mai.

Ga kuma gwaji mai sauƙi. Ran Asabar, ka yi wannan dubawa da kayan cikin jakarka kaɗai. Ja sarƙa, cire fulogi, cire ƙafar baya ka mayar. Duk inda ka tsaya don rashin abu, gara ka gane a ƙofar gidanka da ka gane a jeji da magariba.

A namu hanyoyin

Akwai bambanci ɗaya babba. A filin tsere in babur ya mutu, mota za ta zo ta ɗauke shi. A hanyar ƙauye kuwa mai faci yana iya zama da nisan mil goma. Yawancin baburanmu kuma masu tub ne. Saboda haka sai mu ƙara ƙarfen cire taya guda biyu, da faci da gam, da fulogi ɗaya sabo, da mahaɗin sarƙa, da wayar kuloci.

Ba lalle a saya duka rana ɗaya ba. Ga yadda za a bi da su:

Wata na fari: gejin iska da famfo.
Wata na biyu: sufana 10 da 12 da 14, da ta fulogi.
Wata na uku: sufanar notin ƙafar baya, da ƙarfen cire taya, da kayan faci.
Wata na huɗu: sukundireba biyu, da filaya, da sauran sufanu.

A naɗe su cikin tsumma mai ɗan baƙin mai domin kada su yi tsatsa da damina, su kuma daina ƙara a hanya. Gejin iska a sa shi cikin leda, gama ƙurar hunturu takan ɓata shi.

Uwargida, ke ma kina da hannu a wannan magana. In maigida ya ce zai cire ɗan kuɗi domin sufana ko geji, ki tuna kuɗin nan bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba. Ki kuma hana yara ɗaukar sufana lamba 10 su yi wasa da ita, gama ita ce aka fi nema, ita ce kuma ta fi ɓata. In kuwa har yanzu babu hular kwano a gidan, to, a ajiye jerin nan tukuna a fara sayen ta, ɗaya domin maigida, ɗaya domin wanda zai ɗauka. A filayen nan na Ingila, mutumin da ya zo ba sufana za a ara masa, amma wanda ya zo ba hula ba zai shiga fili ba ko kaɗan.

Wata mai zuwa za mu duba yadda ake kula da batirin babur lokacin zafi. A sauka lafiya.