Kafin Alƙalami Ba Ciniki Ba Ne

A wannan wata za mu duba yadda mai ƙirƙira ke kare abin da ya ƙago don kada wani ya yi masa ƙwace.

A Amurka, tun 1995, akwai hanya biyu ta neman takardar mallakar ƙirƙira. Ta farko ita ce neman wucin gadi. Kuɗinsa kaɗan ne, ofishi ba ya bincikensa, abin da yake ba mutum shi ne ranar da ya shigar da bayaninsa. Ranar nan tana da daraja, domin tun 2013 dokar ƙasar tana fifita wanda ya riga shigarwa. To amma wata 12 ne kawai wa'adinsa. Kafin su cika, tilas a shigar da cikakken nema, wanda ke zayyana iyakar abin da mutum ke cewa nasa ne. Shi ne ake bincike a kansa, shi ne kuma ke kai ga kariya ta shekara 20.

Ke nan na wucin gadi kamar kafin alƙalami ne. Wanda ya bayar ya kama kaya, amma in bai cika kuɗi a kan lokaci ba, kaya sun kuɓuce masa. Tarihi ya nuna haka. A 1871 Antonio Meucci ya shigar da wata takardar kamun wuri a Amurka kan na'urarsa ta magana ta waya, amma bai sabunta ta ba bayan 1874. A 1876 Alexander Graham Bell ya sami takardar mallakar tarho.

Wani tarkon kuma shi ne gajeren bayani. Abin da mutum bai rubuta a takardar farko ba, ranar farko ba za ta kare shi ba.

Mu ma abin ya shafe mu. Nijar da Kamaru da Cadi suna ƙarƙashin OAPI mai hedkwata a Yawunde, Gana kuwa tana cikin ARIPO da ke Harare. Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba wanda ya shigar a wata ƙasa wata 12 ya nema a sauran ƙasashen yarjejeniyar da ranarsa ta farko.

Saboda haka muna jan hankalin maƙeranmu da ɗalibanmu, ku rubuta bayani cikakke tare da zane, ku shigar kafin ku baje kolin abinku a bainar jama'a, sannan ku riƙa ƙirga watanni. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.