A Aje Kwamfuta Ɗakin Karatu Domin Ɗiyan Talakawa

  

Ya ku jama'a, ku sani tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta bar jarrabawa da takarda da fensir, ta koma ga kwamfuta ɗungum. Duk yaron da ke nufin shiga jami'a, ko da ta Usmanu Ɗanfodiyo ce da ke nan Sakkwato, tilas ya zauna gaban wagga na'ura. To, ina ɗan Horo Birni zai gan ta kafin wannan rana?

Wani almajirina da ya sauke Alƙur'ani a hannuna, ya kuma ƙare sakandare, ya tafi birni jarrabawa. Da ya komo sai ya ce mini, "Allah ya gafarta Malam, amsoshin na san su, amma hannuna ya yi ta rawa bisa abin da suke kira linzami har lokaci ya ƙare." Ɗan birnin da ke gefensa ya gama ya fita. Ba fahimta ya fi shi ba, sabo ne.

Wani zai ce ai wayar hannu ta shiga kowane ƙauye. Haka ne, amma waya daban, kwamfuta daban, ga kuɗin data, ga na caji.

Magabatanmu sun san maganin irin wanga rashi. Zamanin da Shehu Usmanu ke zaune Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, Malam Abdullahi kuma yana Bodinga, takarda sai fatake sun ƙetaro hamada da ita, littafi kuwa da hannu ake rubuta shi. Wanda ya mallaki littafi yakan ba da aro a kwafa, wanda bai da shi ya zamna zauren malami ya karanta. Da kowa ya ƙulle nasa cikin gafaka, da ilmi bai iso gare mu ba. Kwamfuta a yau matsayin wancan littafi take.

Saboda haka muna roƙon ƙananan hukumomin Shagari da Bodinga, da uwayen ƙasa da masu hali, a tanadi ɗakin karatu na jama'a da kwamfuta ko goma, da wutar hasken rana, da ma'aikaci mai haƙuri wanda ba ya korar yaro don tufafinsa. A keɓe wa 'yan mata ranakunsu. Almajirai kuwa a ba su Alhamis da Jumma'a, tun da ranakun hutun allo ne.

'Yan'uwana malamai masu tsoron ɓarnar intanet, ban ce tsoronku banza ne ba. Sai dai yaron da ke ɗakin karatu akwai idon babba bisa kansa, wanda ya shige ɗaka da waya tsakar dare kuwa babu. Ni dai ranar da aka buɗe, da kaina zan kai nawa almajirai, in zauna bayansu a koya mini.